Ruwa Bai Kai Jan Layi Ba

Ranar da hukumar kula da koguna ta ɗauki maigidana aikin gadin ƙofar ruwa, bai shigo da sallama irin ta kullum ba. Tsayawa ya yi a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya.

Kafin ranar mai fenti ne. Shi ke shafa wa shaguna launi, ya rubuta musu suna a goshi. Ni kuwa ban daɗe da tarewa ba, muna zaune a babban gidansu, ɗakinmu a matse tsakanin ɗakunan yayyensa. Murhu ɗaya da matan yayye, igiyar shanya ɗaya. In na yi tari a ɗakina, sai in ji an ce mini sannu ta bayan bango. Saboda haka da ya ce aikin da gida yake zuwa, ban ƙara jin sauran bayanin ba.

Gidan ɗan ƙarami ne, ciki da falo da ɗan tsakar gida, a bakin kanal ɗin da ya taso daga kogi, ya ratsa bayan unguwa, ya gangara lambuna. Amma ƙofarsa tawa ce. Kwanakin farko haka kawai nake tashi in rufe ta, in buɗe, in sake rufewa, ba wanda ya ce mini don me.

Ma'aikacin da ya kawo mu ya nuna wa maigida aikin, ni ina ji ta taga. Ga ƙofar ƙarfe da ke tare ruwa, a kanta akwai abin murɗawa kamar sitiyarin babbar mota, da sarƙa da kwaɗo. Kullum da safe a buɗe ta rabi, ruwa ya tafi wa masu lambu. Ga kuma ginshiƙin siminti tsaye a tsakiyar kanal, da jan layi a jikinsa. In ruwa ya taɓa layin nan, a buɗe ƙofar gaba ɗaya, kada a jira kowa. Daga ofis za a riƙa bugo waya ana tambaya.

"Aikin na gwaji ne tukuna," in ji ma'aikacin. "In aka samu matsala, makulli da gida tare ake karɓarsu."

Maigida ya yi dariya, ya ce ai shi ruwa ya san shi tun yana ciki.

Da farko lafiya lau. Sai wata rana ya je hira shagon Tela, abokinsa da ke sama da mu kaɗan a bakin ruwan, ya ji a rediyo cewa gwamnati na shirin farfaɗo da zirga-zirgar jiragen ruwa. Ya dawo gida hularsa a ƙeya.

"Amarya, kin san abin da ke damun ƙasar nan?"

Na ce ban sani ba.

"Rashin zurfi. Kanal kamar wannan, a ce akuya ta tsallaka ba ta jiƙa ciki ba? Ni zan fara musu aikin. Daga kogi har bayan kasuwa jirgi zai riƙa zuwa. Tasha a ƙofar gidanki. Kafin su gama taro a ofis, ni na gama."

Na ce, "Masu lambu fa?"

"Su ma jirgi za su hau."

Washegari bai buɗe ƙofar ruwa ba. Ya ƙara murɗe ta ma, ya ɗaure da sarƙa, ya sa makullin a aljihun gaba inda kowa zai gani.

Ruwa ya fara kumbura. Ranar da ya kusa lasar jan layin, na nuna masa da haɓa. Ya dubi layin, ya dubi sitiyarin, ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin jan fenti da buroshi.

"Me suka ce? In ruwa ya taɓa layi. Kin ji sun ce layin ba ya motsi?"

Na ce ban ji sun faɗa ba.

"To."

Ya ari kwalekwalen maƙwabcinmu Masunci, ni na riƙe igiyar daga gaɓa. Ya ja sabon layi sama da na hukuma da kamar tsawon tafin hannu. Gaskiya a fenti hannunsa ba ya rawa. Layin ya fito sumul.

Na ce, "Tsohon fa?"

"Gobe ruwa zai rufa masa asiri."

Haka kuwa aka yi. Da safe waya ta yi ƙara, mutumin ofis ya yi tambayarsa ta kullum, da muryarsa irin ta wanda ke cin wani abu.

"Ƙofar ƙasa, ruwa ya kai jan layi?"

"Bai kai ba, ranka ya daɗe."

"Madalla." Ya kashe.

Maigida ya dube ni. "Na yi ƙarya?"

Na ce bai yi ba, na ci gaba da wanke-wankena.

Wanda ya fara zuwa shi ne Baba Mai Lambu, dattijon da lambunsa ke can ƙasa da ƙofar. Ya zo riƙe da tsiron tumatir da ya langaɓe kamar tsumma.

"Ɗana, wannan tumatir ne. Na kawo shi ku gaisa kafin ya cika."

"Baba, haƙuri za a yi. Tsari ake."

"Tsarin ya san albasa ba ta azumi?"

"Nan gaba kayanka a jirgi za su je kasuwa, ba jaki ba kurar turawa."

Baba ya ɗaga tsiron. "Wane kayan? Wannan ko a aljihu ya je."

Daga nan Baba ya wuce ofishin hukuma da ƙafarsa. Da ya dawo ya tsaya ta bayan katangarmu yana ba mutane labari. Wai sun duba, sun ce bayanin da ke wurinsu ya nuna komai daidai, ruwa bai kai jan layi ba. Ya ce musu shi ba layi yake nomawa ba. Suka ce ya dawo in mai teburin ya fito daga taro.

Ruwa ya ci gaba da hawa, layi ma ya ci gaba da hawa. Ruwa bai taɓa kamo shi ba, don maigida na riga shi tashi. Ni ce mai riƙe igiya, har tafina ya yi kanta.

Sai ga Tela wata safiya, wando a naɗe har gwiwa, ya riƙo tarwaɗa ta wutsiya.

"Injiniya, zo ka karɓi ma'aikacinka. Ina taka keke na ji wani abu na taka ni."

"Kai dai ba ka da godiya. Ka samu kifi har shago, kana ƙorafi."

"Yadin mutane fa? Duk na ƙasan kanta ya sha ruwa."

"Ai gata na yi maka. Yadin da ya sha ruwa kafin ɗinki ba ya tsukewa bayan ɗinki. Tela guda ba ka san wannan ba?"

"Allah ya shirye ka. Da kana fenti iyakarka ka ɓata bango."

Tela ya tafi, amma da kifinsa ya tafi. Da rana matarsa ta leƙo ta katanga.

"Amarya, mijin nan naki lafiya kuwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya. Tsari yake."

"Tsarin ya shigo mana ɗakin girki. Ki gaishe shi."

Mu ma ruwan bai bar mu ba. Rariyar da aka yi don ruwa ya fita daga tsakar gida, ita ta zama hanyar shigarsa. Ya shigo a hankali kamar baƙo mai kunya, ya zauna a tsakar gida, da ya ga ba a kore shi ba ya wuce falo. Na ɗora ƙafafun gado a kan bulo. Bayan kwana biyu na ƙara wani bulon. Risho ya koma kan tebur. Takalman maigida kuwa, inda ya cire su daban, inda yake samunsu daban.

Ana cikin haka matar babban yayansa ta kawo mana ziyara. Ta tsaya daga bakin ƙofa, zani a tattare, tana duban falon.

"Ikon Allah. To ai ɗakinku yana nan, amarya. Buhunan gawayi muka zuba, amma kwashewa ba wuya."

Na yi mata godiya. Da ta tafi na zauna a bakin gado, ƙafafuna a naɗe, na daɗe ina kallon ƙofata. Ƙasanta ya fara kumbura, ba ta rufuwa sai an tura da kafaɗa. Ran nan dai na daure na yi magana.

"Maigida..."

"Injiniya."

"Injiniya, in hukuma ta ga gidan nan fa?"

"In hukuma ta ga jirgi, bene za ta gina mana. Duk babbar tasha da kika sani haka take, ba ta rabo da danshi."

Ni dai ban san wata babbar tasha ba.

Matsalar da ta zo bayan nan ita ce ginshiƙin ya ƙare. Layi ya hau, ya hau, har ya kai baki, babu sauran wurin shafa fenti. Maigida ya tsaya a tsakar gida, ruwa a idon sawu, yana waige-waige. Idonsa ya sauka kan taɓaryata.

Na ce, "Da ita nake daka."

"Yanzu aikin gwamnati za ta yi. Ƙarin girma ta samu."

Ya ɗaure ta a kan ginshiƙin da wayar ƙarfe, ya zagaya mata jan layi a wuya. Daga nesa sai ka ce an yanka ta.

Kwana kaɗan bayan haka waya ta zo da sabon zance. Mutumin ofis ya ce an ƙara sakin ruwa daga madatsa, kowace ƙofa a layin kanal ɗin ruwa ya kai mata jan layi, sai tamu kaɗai. Saboda haka Darakta da kansa zai zo ya ga yadda maigida ke yi, don a koya wa sauran.

Maigida ya ajiye wayar a hankali.

"Kin ji ko? A koya wa sauran."

Ya wuni yana fenti. Ya shafe sitiyari, ya shafe sarƙa, ya shafe dogarin ƙarfen gadar da ke kan ƙofar. Ya shafe kwalekwalen Masunci ciki da waje, har wurin zama, ya rubuta a gefensa da manyan baƙaƙe: JIRGIN GWAMNATI NA FARKO. Masunci ya ce shi dai a dawo masa da abinsa yana iyo. Kwaɗon ƙofar ma bai tsira ba. Ya cire shi, ya shafe shi, ya rataye shi a buɗe a jikin dogari don ya bushe.

Darakta ya iso da hantsi, cikin fararen kaya, takalmi na ƙyalli. Motarsa can nesa ta tsaya, don hanyar ta koma fadama. Unguwa duk ta fito. Ta sama da ƙofar, maƙwabta ne da wanduna a naɗe. Ta ƙasa da ita, masu lambu ne tsaye a cikin kanal ɗin da ya bushe ya tsattsage. Ni ina leƙe ta taga, a tsaye kan gado, don nan ne busasshen wuri.

Darakta ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Malam, ruwan nan bai yi yawa ba?"

"Ranka ya daɗe, ido ne. Ido na ruɗi, ma'auni ba ya ruɗi. Dubi layi."

Darakta ya kare rana da hannu. "Ginshiƙin namu dama da itace a kansa?"

"Sabon tsari ne, ranka ya daɗe. Bismillah, shigo jirgi ka gani kusa."

Baba Mai Lambu ya ɗaga hannu zai yi magana, maigida ya riga ya kama hannun Darakta ya zaunar da shi a kwalekwale. Masunci ya matso zai karɓi filafilin tuƙi, maigida ya ce a jirgin gwamnati kyaftin ɗaya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne, duk shigarsa kwalekwalen nan, ni ke riƙe da igiya.

Ya tuƙa ta dama, jirgi ya juya hagu. Ya tuƙa ta hagu, jirgi ya dawo inda ya taso. Suka yi ta zagaye a wuri ɗaya. Darakta ya ga shagon Tela, ya ga masu lambu, ya sake ganin shagon Tela.

"Kyaftin!" Tela ya ƙwala. "In kun isa kasuwa a sayo mini zare!"

Ana wannan dariyar sai aka ji ƙarfe ya yi kuka, ƙiiii. Na waiga. Mutane sun yi cincirindo a kan gada, ba a ganin komai sai bayansu. Ƙofar ruwa ta fara ɗagawa.

Ruwan da aka daɗe ana tsarewa ya samu hanya. Kwalekwale ya daina zagaye, ya miƙe sak, karo na farko tun da aka shiga. Allah ya sa ginshiƙin na kan hanyarsu. Maigida ya yar da filafili ya rungume taɓaryata, Darakta ya rungume maigida.

"Kada ka saki!"

"Ranka ya daɗe, ko ka ce in saki ba zan saki ba."

Suka zauna a haka. Ruwa na sauka, jirgi na sauka da shi, maigida na zamewa ƙasa a jikin ginshiƙin yana rungume da shi. Sai ga jan layi ya fito daga ruwa, daidai hancin Darakta. Aka jima kaɗan, wani ya fito a ƙarƙashinsa. Sannan wani.

Tela ya gyara tsayuwa a gaɓa, ya zama mai bayani.

"Ranka ya daɗe, wancan na ranar da ruwa ya shiga ɗakin girkina ne. Yauwa, wannan da ya fito yanzu, ranar da tarwaɗa ta kama aiki a shagona."

"Na ƙasansa ranar da kajina suka koma kan rufi," in ji wata tsohuwa.

"A'a, Inna, naki bai fito ba tukuna. Wannan na katifar liman ne."

Layuka suka yi ta fitowa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sumul, tazararsu daidai, har ginshiƙin ya koma kamar tsani. Darakta ya bi su da ido daga sama har ƙasa.

"Wanne ne namu?"

Masunci ya amsa daga gaɓa. "Naku na can ƙasa, ranka ya daɗe. Sai an ƙara haƙuri."

Aka ƙara haƙurin. Can sai ga shi ya fito, ya koɗe, ya ɗan karkace, gansakuka ta hau shi. Maigida ya dubi layin, ya dubi nasa na sama.

"Ranka ya daɗe, ka dai ga bambancin hannu."

Ba a jima ba jirgin gwamnati na farko ya zauna daram a kan laka. Daga nan zuwa gaɓa ba hanya sai taɓo. Maigida ya durƙusa ya ce Darakta ya hau bayansa. Da Darakta ya miƙe ne aka ga fentin wurin zama bai gama bushewa ba. Mata suka sunkuyar da kai. Maza ba su sunkuyar ba. Sun kusa gaɓa ƙafar maigida ta zame, suka ƙarasa sauran tafiyar da rarrafe, kowa da ƙafarsa da hannunsa.

Da aka jawo Darakta sama, takalmi ɗaya a ƙafa, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya buɗe ƙofar.

Baba Mai Lambu ya matso, ya buɗe tafukansa cikin ladabi, jajawur da fenti har wuyan hannu.

"Ranka ya daɗe, mu ma tambayar da muke ta yi ke nan."

Darakta ya dubi hannayen. Ya dubi ruwan da ke gangarawa lambuna, masu lambu na binsa da gudu da fartanya. Ya miƙa wa maigida hannu.

"Makulli."

Maigida ya ciro shi daga aljihun gaba ya bayar.

Ni tun da na ji haka na sauko daga gado, na shimfiɗa zani a kan tebur, na fara jera tukwanena a ciki. Ina ɗaure bakin zanin aka yi sallama. Darakta ne aka kawo ya wanke jikinsa. Na ja mayafi na koma lungu, na gaishe shi daga can.

Ya amsa, amma ba ni yake kallo ba. Bango yake kallo. Ruwan ya janye, ya bar shatinsa baƙi a zagaye da ɗakin. Shafe ya ɓamɓare, laka ta kwanta a ƙasa, ga wani ɗan kifi na tsalle a ƙarƙashin gado.

"Gidan hukuma ne wannan?"

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji maigida. "Danshi ne kawai."

"Aiki dai ka bar shi daga yau. Akwai wanda zai karɓi ƙofar, mutumin unguwar nan ne, da gidansa. Amma kada ka zaci za ka lalata gidan gwamnati ka kaɗe riga ka tafi. Ba inda za ka. Kai da iyalinka kuna nan, sai ka mayar da shi yadda ka same shi, ka shafe shi da fenti ciki da waje. Ran da ka gama, ka fita. Ka ji hukuncinka."

"Ranka ya daɗe, fenti? Ai ka zo gidan. Kafin ka isa ofis na yi rabi."

Na juya musu baya, na kwance bakin zanin, na mayar da tukwanena inda suke.

Bango ya ɗauki lokaci kafin ya bushe. Maigida ya koma rubuta wa shaguna suna, da yamma kuma yana shagon Tela yana ba da labarin yadda gwamnati ta ƙi yarda ya bar bakin ruwa, saboda babu kamarsa. Masunci ya kwanto mini taɓaryata. Har yau da jan layinta a wuya, amma tana daka.

Fentin gidan ne dai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Gwangwanaye na nan a falo, sai dai duk ranar da maigida ya ce yau zai fara, babban buroshin bango ba ya ganuwa. Ya sayo wani, shi ma ya bi sawun ɗan'uwansa. Yakan birkice ɗaki, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zargi Tela, ya zargi ɓera. Ni kuwa ina zaune a kan turmina da ke kife a tsakar gida, ina tsince shinkafa. Bai taɓa cewa in tashi ba.

Matar yayansa ta aiko tambaya ko a kwashe gawayin. Na ce a bar shi tukuna, kada a wahala.

Mutumin ofis har yanzu yana bugowa lokaci-lokaci. In maigida ba ya nan, ni ke ɗauka.

"Gidan ƙofar ƙasa, an gama fenti?"

"Ba a gama ba, ranka ya daɗe."

"Madalla." Ya kashe.

Sai in tashi in rufe ƙofata.